Filin Golf Na Kano: Gadon Da Ke Jiran Magada

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a babban taron shekara na Ƙungiya

 

Da sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi magana bana, kuma in zaɓi abin da na ga dama, na san wasu za su zaci zan yi magana a kan aikin gwamnati, tunda shi nake yi. Da na ce masa a kan golf zan yi magana, sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, a makarantar da kujeru ba su isa ba?" Tambayarsa tana kan hanya, kuma zan amsa ta kafin in zauna. Abin da nake roƙo shi ne ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci.

Yadda na san filin

A Fagge aka haife ni. Ina aji biyu na ƙaramar sakandare wani yaron unguwarmu ya ce in zo ya kai ni inda ake samun kuɗi ba tare da ɗaukar kaya a Kantin Kwari ba. Ranar Asabar da sassafe muka taka a ƙasa, muka wuce Bata, muka miƙe titin Murtala Muhammad har filin golf. Ban taɓa sanin akwai irin wannan wuri a Kano ba: fili fetal, itatuwa, iska, ba hayaƙin babur, ba ihun 'yan kamasho. Aikinmu shi ne ɗaukar jakar sanduna, a bi mai wasa daga rami zuwa rami, a lura da inda ƙwallo ta faɗa, a miƙa masa sandar da ya nema. Mai wannan aiki shi ake kira kadi.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, wanda gidajen rediyo kan kira ƙwallon lambu, ga yadda yake a taƙaice. Cikakken fili yana da rami 18. Mai wasa zai bugi 'yar ƙwallo da sanda daga mafari har ta shiga rami, kuma wanda ya gama da bugu mafi kaɗan shi ya ci. Ba a yarda mutum ya shiga da sanda fiye da 14 ba. Faɗin ramin bai wuce inci huɗu da kwata ba. Zagaye ɗaya kan ci kamar awa huɗu ana tafiya a ƙasa. A ƙasashen da ke da ruwa, ciyawa mai laushi ake shukawa kewaye da ramin. Mu nan Arewa abin da muka tashi muka gani shi ne yashi da aka cuɗa da baƙin mai aka daddaɓe, a share shi sumul kafin a yi bugun ƙarshe. Har yau in na ji warin baƙin mai da rana, wurin nake tunawa.

Mu kadi kashi biyu ne, 'yan Fagge da 'yan Sabon Gari. A gindin bishiya ɗaya muke jiran aiki, a kwano ɗaya muke cin wake da shinkafa. A nan na haɗu da wani yaro ɗan Sabon Gari, sa'ana, wanda muke kira Bahago saboda da hagu yake komai. Sandunan da ke wurin duk na masu dama ne, don haka ya koya wa kansa bugu da dama. Sandarsa ta farko guntun rodi ce da wani mai walda ya lanƙwasa masa. Ƙwallayensa kuwa waɗanda suka ɓace a ciyawa ne muka tsinto. Ku riƙe labarinsa, zan komo kansa.

Asalin gadon

Sanin kowa ne Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikatan reluwe da na kamfanoni da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Fagge kuwa ta riga su duka da ɗaruruwan shekaru, domin zango ce ta ayarin fatake masu ƙetaro Sahara, Buzaye da Larabawa, waɗanda ke sauke raƙumansu a bayan ganuwa. Su Turawan suka zauna a Nasarawa da Bompai, suka yi wa kansu kulob, da filin sukuwa, da filin folo, da filin golf. Kulob ɗin golf na Kano yana cikin tsofaffin irinsa a Nijeriya, tare da na Rayfield a Jos wanda ke ƙirga shekarunsa daga 1913, da na Kaduna, da na Ikoyi a Legas.

Akwai abin da ya kamata mu sani game da waɗannan filaye. Dokar tsara garuruwa ta zamanin Lugga, ta 1917, ta ce a bar tazarar yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da unguwar 'yan ƙasa. Hujjarsu ita ce sauro da zazzaɓi. A garuruwa da dama, a irin wannan tazara aka shimfiɗa filayen golf da na sukuwa. Wato tun asali filin wasan yana aikin katanga, ya raba su da mu. Turawa sun tafi a 1960, 'yan ƙasa suka karɓi kulob-kulob, amma katangar da ke cikin zukatan mutane ba ta faɗi ba. Ku tambayi yaro a Fagge ko a titin Faransa ko ya san akwai filin golf a garinsu. In ya sani ma, zai ce muku wurin manya ne.

To, ba golf kaɗai Turawa suka zo da shi ba. Sun zo da folo, ƙwallon dawaki. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungume shi, ya sa 'ya'yansa da fadawansa a kai, har ɗansa Sarki Usman Nagogo ya zama gwanin da ake labari. Yau wa zai ce wa Bakatsine folo wasan baƙi ne? Sun zo da fayif, ƙwallon nan da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango, wadda asalinta makarantar Eton ce a Ingila. Aka sa ta a makarantu, ciki har da Kwalejin Katsina, Sardauna Ahmadu Bello ya ƙware a kanta, har ya je Eton ɗin ya buga. Yau ana gasar cin kofin Sardauna, kuma Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da aka fi buga fayif a duniya. Ƙwallon ƙafa kuwa ba sai na faɗa ba: Kano ta ɗauki kofin ƙalubale tun 1953, muka ga zamanin Raccah Rovers, ga Kano Pillars da aka kafa a 1990 da filinta a Sabon Gari.

Me ya sa waɗannan suka zama namu, golf bai zama ba? Amsar a fili take. Folo ya sami sarakunan da suka ɗora 'ya'yansu a kan doki. Fayif ta sami makarantu. Ƙwallon ƙafa ta sami kowane lungu. Golf shi kaɗai ne aka bari ba a miƙa wa yara ba, sai dai su shigo a matsayin masu ɗaukar jaka. Duk gadon da ba a damƙa wa yara ba, ajiya ce kawai, kuma ajiyar da ba mai nema wata rana wani zai ɗauke ta.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. Dukkanmu mun ga yadda filaye ke ƙarewa a Kano. Inda muka buga ƙwallo muna yara, yau shaguna ne. Harabar makarantu da dama an zagaye ta da kantuna. Fili mai girman filin golf a tsakiyar gari, kowa ya san idanu na kansa. Abin da ke tsare irin wannan wuri shi ne yawan mutanen da za su ji zafi in an taɓa shi. A St Andrews ta Sukotland, inda aka tsayar da rami 18 a 1764, tsohon filin na jama'ar gari ne. Ranar Lahadi ba a wasa a cikinsa, sai mutanen gari su fito da iyalansu su sha iska. Shi ya sa ya yi ɗaruruwan shekaru ba wanda ya isa ya yanka shi fuloti.

'Yan jaka da suka zama zakaru

Wani zai ce ai wasan masu kuɗi ne, ɗan talaka ba zai kai ko'ina ba. Tarihin wasan bai goyi bayan wannan magana ba. A 1913 wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Francis Ouimet, tsohon kadi wanda gidansu ke tsallaken titi daga filin, ya kayar da manyan gwanayen Ingila biyu ya ci babbar gasar Amurka. Wanda ya ɗaukar masa jaka a ranar yaro ne ɗan shekara 10. Seve Ballesteros na Sifen kadi ne tun yana ƙarami, a bakin teku ya koyi bugu da tsohuwar sanda guda ɗaya. A Afirka ta Kudu an yi Papwa Sewgolum, kadi ɗan asalin Indiya, wanda ya ci gasar Holan sau uku, a 1959 da 1960 da 1964. A ƙasarsa kuwa, da ya ci gasar Natal, a waje aka miƙa masa kofi ana ruwan sama, domin dokar wariyar launin fata ta hana shi shiga zauren kulob.

Mu dawo gida. Gasar Nigerian Open da aka riƙa yi a Ikoyi ta taɓa zama matattarar gwanayen duniya. Sandy Lyle ya ci ta a 1978, kafin ya ci babbar gasar Birtaniya a 1985. Vijay Singh, mutumin tsibirin Fiji, ya ci ta a 1988 da 1989, daga baya ya zama na ɗaya a duniya a 2004. A 1988 ɗin nan ne ɗan Nijeriya Peter Akakasiaka ya sami shiga babbar gasar Birtaniya, wadda Ballesteros ya ci. Yawancin ƙwararrun 'yan golf na ƙasar nan daga ɗaukar jaka suka fara. Ashe baiwar tana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai riƙe hannun yaro ya haye da shi.

Abin da ya sami Bahago

Muna aji uku Bahago ya riga ya fi da yawa daga cikin waɗanda yake ɗaukar wa jaka iya bugu, su ma sun sani. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin banki, ya lura da shi, ya ba shi sanduna uku, ya ce zai kai shi Jos da kuɗinsa ya kara da yaran can. Bahago bai yi barci ba don murna. Da aka je wa mahaifinsa da maganar, sai ya ƙi. Ni a lokacin na ji haushinsa ƙwarai. Yanzu da na haifi nawa, na gane uzurinsa. Bai san dattijon ba. Bai san inda ɗansa zai kwana ba. Abin da ya ji game da kulob shi ne wurin shan giya da caca. Babu malami ko ɗaya, babu wata ƙungiya, da ta zo ta ce masa, "Baba, mun san wannan mutum, mu muka tsaya, ɗanka amana ne a hannunmu."

Akwai kuma laifinmu, mu yaran. Kuɗin jaka yana da daɗi. Muka fara da Asabar da Lahadi, muka koma gudun makaranta ranar Laraba. Ni Allah ya taimake ni da wa mai zafin hannu, wanda ya kamo ni a hanya ya mai da ni aji da kunne a hannu. Bahago bai sami wannan ba. Ya faɗi jarrabawa, ya bar makaranta. Golf ɗin ma daga baya ya bari, domin jaka ba ta riƙe magidanci. Yau yana sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, yana da iyali, yana cikin rufin asiri. Amma duk sa'ad da na je wurinsa, sai ya ɗauki wani ƙarfe ya gwada mini bugu a cikin shago, kuma har yanzu kafaɗarsa ba ta manta ba.

Abu ɗaya zan ƙara a kansa. A watan Mayu na 2004, da rikici ya ɓarke a Kano, mun yi makonni ɗan Fagge ba ya shiga Sabon Gari, ɗan Sabon Gari ba ya shiga Fagge. Wurin da muka fara haɗuwa bayan ƙura ta lafa shi ne gindin bishiyar nan. Ba wanda ya yi mana wa'azin zaman lafiya. Mun ga juna, muka ƙirga kanmu, muka tarar ba wanda ya rasu, muka ci abinci. Unguwannin nan biyu titi ne kawai ya raba su, amma wuraren da 'ya'yansu ke haɗuwa su yi abu ɗaya tare ba su da yawa. Makarantarmu na ɗaya daga ciki. Shi ya sa nake ganin mu ne ya dace mu ɗauki wannan aiki.

Mene ne musayar wasa?

A ƙasashen da golf ya zauna, kulob biyu na ƙasashe daban-daban kan ƙulla zumunci. Kowanne ya zaɓi yara takwas ko goma sha biyu. Bana waɗannan su je, baɗi waɗancan su zo. Ba a kai yaran otal, a gidajen iyayen abokan karawarsu suke sauka, su ci abin da aka ci, su ga yadda ake zama. A filin kuma akan haɗa yara biyu su riƙa bugun ƙwallo ɗaya bi da bi, saboda haka in ka jefa ta cikin rami mai yashi, abokinka ne zai sha wahalar fito da ita. Wannan kaɗai darasi ne. A sama da matakin kulob akwai irin su ƙaramin kofin Ryder, wanda aka fara a 1997 tsakanin matasan Amurka da na Turai, maza da mata. Rory McIlroy ya buga shi a 2004, Jordan Spieth a 2008 da 2010, tun ba wanda ya san su. Afirka ma tana da gasar ƙananan 'yan wasa ta ƙasa da ƙasa.

Jama'a, wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu. Kakanninmu da ke fataucin goro zuwa Gwanja, a gidan wa suke sauka? A gidan fatoma, mai masauki, wanda zai ba su ɗaki, ya tsaya musu a ciniki, ya zama shaidarsu a garin da ba su da kowa. Fagge kanta a kan saukar baƙi aka kafa ta. Sabon Gari kuwa gari ne na baƙin da suka zama 'yan gida. In akwai mutanen da ya kamata su iya karɓar yaran wani gari su riƙe su mako guda, to mu ne. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar nan zuwa take yi ta dawo. Wanda ke son a sauki ɗansa a Akara, sai ya shirya shimfiɗa wa ɗan wani tabarma a Fagge.

Me yaro zai samu? Tafiya mabuɗin ilmi, wannan ɗaya. Na biyu shi ne halin da wasan ke koyarwa. A yawancin wasannin golf ba alƙali a bayanka. In ka sa ƙwallonka ta motsa a cikin ciyawa ba wanda ya gani, kai za ka faɗa, a ƙara maka bugu. Bobby Jones ya yi haka a babbar gasar Amurka ta 1925, kuma bugun nan ɗaya ya jawo masa kunnen doki, ya zo ya rasa kofin. Bugu da ƙari, abokin wasanka ne ke rubuta makinka, kai kuma ka duba ka sa hannu. A 1968 Roberto De Vicenzo ya sa hannu a katin da aka rubuta masa 4 a ramin da ya yi 3, kuskuren ya zauna, ya rasa damar karawar ƙarshe a gasar Masters. Ni ma'aikacin gwamnati ne, kullum fayil na wucewa ta gabana. Na san abin da ƙasar nan ke asara saboda mutanen da ke sa hannu a abin da ba su karanta ba, da waɗanda ke canja lamba in ba mai kallo. Yaron da ya saba faɗin gaskiya a kan bugu ɗaya tun yana shekara 13, akwai fatan zai faɗe ta a kan miliyan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Amsar tambayoyi

Na farko, tambayar sakatare: kujeru. Gaskiya ne kujeru da rufin aji da littattafai su ne gaba, kuma ban nemi a taɓa ko kwabo daga asusunsu ba. Abin da wannan shiri ya fi bukata a shekarar farko ba kuɗi ba ne, mutane ne: wanda zai rubuta takarda, wanda zai raka yara, wanda zai je ya zauna da iyaye. Sanduna kuwa, a cikin zauren nan akwai waɗanda ke da tsofaffi a bayan ƙofa suna tsatsa.

Na biyu, tarbiyya. Iyaye na da hakkin su tambaya. Yaranmu fili za su shiga, da rana, tare da malami, su fito tare da shi. Ba ruwansu da zauren manya, kuma ba wasa a kan kuɗi. Za mu rubuta wannan, uba ya gani, ya sa hannu.

Na uku, karatu. Abin da ya sami Bahago shi ne babban abin tsoro. Don haka sharaɗin shiga shi ne zuwa aji da cin jarrabawa. Wanda makinsa ya faɗi, a karɓe sandar sai ya gyara. Kuma yaranmu ba za su ɗauki jakar kowa don kuɗi a ranar makaranta ba.

Na huɗu, wani zai ce in an kai yara waje za su gudu. Wannan na faruwa ne inda aka tara waɗanda ba a san asalinsu ba, aka rage musu shekaru, aka cusa 'yan alfarma. Mu yaranmu mun san gidajensu, mun san ajinsu, kuma shekarun da ke rajistar makaranta su za a rubuta.

Shawarwari ga Ƙungiya

Ina roƙon wannan taro ya duba abubuwa shida.

Ɗaya, a kafa kwamiti na mutum biyar, da malamin wasanni a ciki, ya kai wa shugabannin kulob ɗin golf na Kano ziyara, ya nemi a ba ɗalibanmu dama su yi atisaye a lokacin da fili ba cunkoso, musamman lokacin hutu.

Biyu, a fara da ɗalibai 12 daga ƙananan azuzuwa, a tabbata akwai 'yan Fagge akwai 'yan Sabon Gari, kuma a haɗa su bibbiyu ba bisa unguwa ba.

Uku, a ɗauki tsofaffin kadi su koyar, a biya su haƙƙinsu. Na riga na tambayi Bahago. Ya yi dariya, ya ce in dai da gaske muke, ranar Asabar yaronsa zai tsare shago.

Huɗu, a bi matakai. Shekarar farko a gida. Ta biyu a nemi karawa da yaran Zariya da Kaduna da Jos, mu je su zo. Sai a ta uku a yi maganar ƙetare, kuma a fara da Gana, inda ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza, inda akwai tsohon kulob a Achimota, kuma akwai 'yan'uwanmu Hausawa a zangon Akara da Kumasi. Ingila da Sukotland suna nan, ba za su gudu ba.

Biyar, a fara haɗa wa yaran takardu tun yanzu: takardar haihuwa, lambar ɗan ƙasa, fasfo, da izinin iyaye a rubuce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗanda ke aiki a ofisoshi a cikinmu, ga inda za mu yi amfani.

Shida, a rubuta tarihi. Akwai dattawa a Fagge da Sabon Gari da Birget waɗanda suka ɗauki jaka tun suna yara, suka ga shigar 'yan ƙasa kulob, suka san yadda ake haɗa yashi da mai. Sunayensu ba sa kan allon zakaru, amma rabin tarihin filin a bakinsu yake, kuma kullum raguwa suke yi. Ɗalibanmu su je da littafi da na'urar ɗaukar magana su zauna da su, a buga abin da aka samu a wannan mujalla. Haka kuma duk kuɗin da aka tara da yadda aka kashe shi, a buga shi a nan kowa ya gani.

Kammalawa

Ranka ya daɗe shugaban taro, ban yi wa kowa alkawarin za mu fitar da zakaran duniya ba. Wataƙila a cikin yara 12 ba wanda zai ci abinci da golf. Amma za su san filin nan na garinsu ne, za su shiga ta ƙofa da sanda a hannu, za su kwana a gidan wanda ba yarensu ɗaya ba, su kuma saukar da shi a nasu. In wani uba ya tambaya wa ya tsaya wa ɗansa, za a sami amsa, domin mu za mu je da kanmu mu zauna a zaurensa. Abin da aka rasa ke nan shekara 20 da suka wuce, kuma bai fi ƙarfin wannan ƙungiya ba.

Takardar sa suna tana wurin sakatare. Mai sanda ya kawo sanda, mai mota ya kawo mota, mai lokaci ya kawo Asabar ɗinsa.